Garejin da ya gyara wa yarona tsohon siririn jirgi a Ingila

Shekara biyu ke nan da babban yaron gidana, wanda ba zan kama sunansa ba saboda ɗan fari ne, ya bugo waya daga Ingila ya ce kuɗin hayar ɗaki a Bamingam ya ishe shi, yana neman izini ya sayi tsohon jirgin ruwa ya gyara ya tare a ciki. Mahaifiyarsa ta yi salati, ta ce duk danginta babu masunci. Ni da na yi shekaru ina buɗe ƙofofin kanal a gonakin noman rani na yankin Auyo kafin in yi ritaya, zama kusa da ruwa bai ba ni tsoro ba, amma duk da haka na nemi ya ba ni kwana uku, na je wurin Sarkin Ruwan garinmu, wanda ya tsufa yana fito da gyaran kwale-kwale a Kogin Hadeja. Da ya gama saurarona sai ya ce, "Malam, a tudu aka nuna masa jirgin ko a cikin ruwa? In a ruwa ne, bai ga jirgi ba tukuna, hularsa ya gani."

Da wannan tambaya na auna garejin da ya yi aikin, wanda ke bakin wani kanal a wajen Bamingam, kuma sai da na je na kwana goma sha biyu a cikin jirgin a watan Janairu kafin na yarda in rubuta komai a kansa, domin gani ya kori ji.

Sunan da Turawa suke kiran irin wannan jirgi yana nufin siririn jirgi, kuma sunan ya dace da shi, domin faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70 har da 'yan kai, ko da yake na yaron ƙafa 45 ne. Dalilin sirancin shi ne matakalar ruwa, wato wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya da ake cika shi ko a rage masa ruwa don jirgi ya hau tudu ko ya sauka, kuma faɗin waɗannan ɗakuna a tsakiyar Ingila ƙafa 7 ne tun zamanin injiniya James Brindley a ƙarni na 18. A da kwal da sauran kaya ake ɗauka, doki yana ja daga gaɓa, iyali guda kuma suna kwana a ɗan ƙuƙut ɗin ɗakin da ke baya. Jirgin ƙasa da manyan motoci sun karya sana'ar, sanyin 1962 zuwa 1963 da ya daskarar da ruwan tsawon makonni ya kusa ƙarasa ta, sai jiragen suka koma na yawon shaƙatawa da na kwana.

Abu na farko da garejin ya yi shi ne abin da Sarkin Ruwa ya nema. Sun ƙi faɗin farashi sai da aka ɗaga jirgin aka ɗora shi a tudu, aka wanke gindinsa da ruwa mai ƙarfi, aka kuma kira wani mai bincike wanda ba yaronsu ba ne ya bi ƙarfen da na'urar auna kauri, yana rubuta abin da ya samu da alli a jikin jirgin. Na ga hotunan, lambobi birjik kamar allon makaranta. An ƙera jirgin a shekarun 1980 da ƙarfe mai kaurin milimita 6 a gindi, amma a wurare da dama tsatsa ta cinye shi ya koma ƙasa da 4, wanda kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓa. Mai garejin ya zaunar da yaron ya gaya masa cewa faci nan da can zai fi sauƙin kuɗi, amma bayan 'yan shekaru zai dawo, gara a yi wa gindin gaba ɗaya sabon falle a walda. Ya kuma faɗa masa aibin hakan, cewa jirgin zai ƙara nauyi ya ƙara nutsewa, dole a fitar da wasu daga cikin bulon da ke ƙarƙashin daɓe, a kuma ɗaga ramukan da ruwan wanke-wanke ke fita don kada su zo daf da ruwan kanal. Na yi hulɗa da masu walda ba iyaka a rayuwata, kuma kaɗan ne a cikinsu na ga suna faɗin illar aikinsu kafin su karɓi kafin alƙalami.

Waldar kanta babu abin kushewa. Da na je, na sa yaron ya ɗaga ƙyauren da ke daɓen ɗakin baya, na durƙusa da tocila na zura hannu har ƙasa, inda ruwa yake taruwa idan akwai yoyo, na kuma fito da hannuna a bushe, sai ƙura da ɗan garin tsatsa. Sau uku na yi haka a kwanakin da na yi, har ya ce, "Baba, ko kuna zaton da dare yake hudewa?" Sun kuma liƙa masa wasu dunƙulallun ƙarafa masu laushi a jiki, waɗanda ruwa ke ci a maimakon ya ci jirgin, dabarar da na so a ce mun sani lokacin da ƙofofinmu na kanal suke ruɓewa.

Murhun ma sun kafa shi da kyau. Na ƙarfe ne, yana cin kwal da itace, an yi masa bututun hayaƙi ta rufi, an kewaye bayansa da allon da ba ya kama wuta, sannan an sa na'urar da ke kuka idan gubar hayaƙin da ba a gani ba a jin warinta ta taru. Dokar can ta wajabta wannan na'ura tun 2019, kuma duk shekara huɗu sai an sake duba jirgi an ba shi takardar lafiya. Duk wanda ya san yadda ake shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da muku-mukun sanyi a ƙauyukanmu, da abin da yakan biyo baya, zai gane dalilin da ya sa na daɗe ina kallon wannan 'yar na'ura. Idan murhun ya kama, cikin jirgin yakan yi ɗumi har mutum ya tuɓe rigar sanyi, sai dai ɗumin sama yake tashi, ƙafafu kuwa suna kan daɓen da ke ƙasa da bakin ruwa, don haka da safa biyu nake sallah.

Inda suka gaza, sun gaza sosai, kuma duk daga saɓa alkawari abin ya faro. Sun ce za su gama a watan Agusta, ba su sauke jirgin a ruwa ba sai ƙarshen Nuwamba, kullum da uzurin cewa wani jirgi ya shigo da gaggawa. Yaron ya yi wata uku yana biyan haya biyu. Wannan jinkiri ne ya sa suka shafa kwaltar da ke kare ƙarfen a cikin sanyi da laima, suka kuma mayar da shi ruwa ba ta gama bushewa ba. Kwaltar da ya kamata ta kai shekara biyu zuwa uku, a Janairu na gan ta tana saɓulewa a daidai bakin ruwa, jan ƙarfe yana leƙowa. Da na dawo na nuna wa Sarkin Ruwa hoton, bai ko nemi bayani ba, ya ce shi ya sa su sai rana ta ƙwalle a bazara suke kife kwale-kwale a gaɓa, su cusa tsumma a tsagu su bi da kwalta, domin jiƙaƙƙen jiki ba ya riƙe ta.

Na biyu shi ne gumin bango. Ƙarfe mai sanyi idan numfashi da tururin girki suka taɓa shi sai ya yi ta zubar da ruwa, maganinsa kuwa shi ne a fesa wani kumfa da ke daskarewa a jikin ƙarfen kafin a rufe da katako. Sun fesa a falo da wurin girki, amma a ɗakin kwana sun bar tsohon farin soson nan irin wanda ake tallafe sabon rediyo da shi a kwali, ba su kuma gaya masa ba. A kwana na huɗu na ɗaga katifa don in ɗauko carbina da ya faɗa, sai na tarar da ƙasanta sharkaf, baƙar funfuna ta yi layi a jikin katako, babbar rigata da na rataye a kusurwa kuma tana warin ruma. Da muka je garejin, mai wurin bai yi musu ba, ya ce kuɗin da aka yi ciniki a kai ne ya ƙare a kan gindin jirgin. Gaskiya ya faɗa, amma a watan Yuli ya kamata ya faɗe ta, lokacin da katakon yake a buɗe.

Akwai wahalhalun da ba laifin garejin ba ne, kuma ina ambatonsu ne don yaranmu da ke karatu a can, waɗanda na ji sun fara sha'awar abin. A Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kuma ƙarfe 4 da 'yan mintuna ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin kamar awa huɗu, don haka faifan sola ba ya tsinana komai, sai a tayar da injin dizal a caja batir, shi ma ba a yarda a bar shi yana ruri ba daga 8 na dare zuwa 8 na safe. Famfon bakin kanal yakan daskare, tukunyar bayan gida kuma da hannu ake ɗauka a kai inda ake zubarwa. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta karɓi kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a 2012, tana karɓar kuɗin lasisi, jirgin da ba shi da matsaya ta dindindin kuma ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, ga shi a hunturu ne ake rufe wasu matakalu don gyara. Duk tashin da aka yi sai an sake neman alƙibla. Da na tara kuɗin kwal da dizal da lasisi da inshora da gyara, ragowar da yaron yake samu a kan haya ba ta kai rabin abin da ya lissafa mini a waya ba.

Idan wani ya tambaye ni ko ya kai jirginsa wannan gareji, zan ce ya kai in aikin ƙarfe ne, domin a nan hannunsu ya faɗa, amma ya sa a rubuta ranar gamawa da tarar jinkiri, kada ya yarda a shafa kwalta bayan Satumba, kuma ya tsaya da kansa ya ga kumfan a kowane ɗaki kafin a buga katako. Mai garejin ya amince zai sake shafa kwaltar a watan Mayu ba tare da kuɗin aiki ba, yaron ya biya kuɗin ɗaga jirgin kawai, maganar ɗakin kwana kuwa har yanzu suna kai ruwa rana. Sarkin Ruwa ya ce idan an ɗaga shi a turo masa hoton gindin kafin a shafa komai.