Albam ɗin rock na 1991: wanne ya kamata ka fara saya?

Ni dai in aka ce min zaɓi shekara ɗaya a rock, 1991 zan ɗauka ko tunani ba zan tsaya yi ba. Daga Agusta zuwa Nuwamba kaɗai aka saki Metallica mai baƙin kwali na ƙungiyar Metallica, Ten na Pearl Jam, Nevermind na Nirvana, Blood Sugar Sex Magik na Red Hot Chili Peppers, Loveless na My Bloody Valentine da Achtung Baby na U2. To amma in ka tashi sayen faifai, CD ne ko na garmaho, aljihu ba zai ɗauki duka a tashi ɗaya ba, kuma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne wasunsu an sake buga su, kuma sautin tsohon bugu da na sabo ba ɗaya ba ne.

Nevermind shi kowa ke fara kai wa hannu, kuma ba laifi. Ranar 24 ga Satumba ya fito, Butch Vig ne furodusa, a Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga lamba ɗaya a jadawalin Billboard na albam ɗin da suka fi kasuwa a Amurka, ka ga kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Daɗinsa shi ne waƙa za ta fara a hankali kamar ba komai sai kawai jita ta fashe, Dave Grohl ya hau ganga kamar an yi masa laifi. To wannan tazarar tsakanin shiru da ƙara ita ce ran albam ɗin, shi ya sa ba na son bugun 2011 na cika shekara 20, an ƙara masa ƙarfin sauti an danne komai ya zama kai ɗaya, in fashewar ta zo ba ka jin ta a ƙirji yadda ya kamata. In ka samu tsohon CD, ko na hannu ne, ɗauki shi. Kuma kar ka cire faifan da zarar waƙar ƙarshe ta ƙare, akwai ɓoyayyiyar waƙa bayan shirun kusan minti goma, sai dai bugun farko-farko babu ita a ciki.

Ten kuma labarinsa akasin haka ne, a nan sabon ya fi tsohon a kunnena. Na asalin na 1991 an cika masa amsa-kuwwa, kamar a cikin wani ƙaton zaure babu kowa ake kiɗan, muryar Eddie Vedder tana yawo can sama. A 2009 furodusa Brendan O'Brien ya sake haɗa sautin ya rage amon, sai ga jitocin Stone Gossard da Mike McCready sun fito fili kana iya bambance wannan daga wancan. Masu son na da za su yi ta musu da kai har gobe, to ka nemi bugun 2009 mai faifai biyu, duka biyun suna ciki, sai ka yi alkalanci da kunnenka.

Metallica ba ya buƙatar dogon bayani. Furodusa Bob Rock ya gyara musu sauti ya yi nauyi ya yi tsaf, in kana da sifika mai kyau ko a mota kake yawan sauraro, wannan ne zai fi biya maka kuɗinka. Ni dai daga tsakiya zuwa ƙarshe nakan ji ya ɗan yi min tsawo.

Blood Sugar Sex Magik rana ɗaya ya fito da Nevermind, waƙa 17, sama da minti 70, furodusa Rick Rubin ya kwashi Red Hot Chili Peppers ya kai su wani tsohon gida a Los Angeles aka ɗauka a can. Jitar bas ta Flea kaɗai ta isa dalili. Amma gaskiya akwai batsa a kalmomin sosai, ba abin da za ka kunna a gaban yara ko manya ba ne, ka san da wannan tun kafin ka biya.

Sai Loveless na My Bloody Valentine, wanda duk wani mai ji da kansa a harkar zai ce maka shi ne gwanin shekarar. Ranar da na fara saka shi wlh na ɗauka faifan ne ya lalace, na cire na hura na goge da gefen riga na mayar, sautin na nan yana lanƙwasa kamar kaset ɗin da rana ta buga, murya kuma can ƙasa an binne ta cikin jita ba ka gane ko kalma ɗaya, ashe haka Kevin Shields, jagoran ƙungiyar, ya so shi, kusan shekara biyu ya kwashe yana yawo daga wannan situdiyo zuwa wancan kafin ya gamsu. Sai a sauraro na huɗu ko na biyar, da daddare da iyafis a kunne, abin ya shige ni. Yanzu shi na fi kunnawa a cikinsu duka, amma ba zan ce wa sabon shiga ya fara da shi ba. Tun 2021 yana kan manhajojin sauraro, ka gwada shi a can sati guda tukuna, in ya kama ka sai ka saya.

Achtung Baby, wanda U2 suka fara ɗauka a Berlin, shi ne mai sauƙin shiga ga wanda ba ya son hayaniya sosai, ko wanda zai saya wa wani kyauta.

In kuɗin faifai ɗaya ke hannunka, tsohon CD na Nevermind. In na biyu ne ƙara da Ten na 2009. Masu garmaho kuma ku lura, Metallica da Blood Sugar faifai bibbiyu suke zuwa saboda tsawonsu, in na hannu za ku saya ku zaro duka biyun ku duba su a haske kafin ku miƙa kuɗi.