Shirin ESPN na jera ƙungiyoyin ƙwallon kwaleji, akwai daɗin kallo amma da haushi

Duk daren Talata in kaka ta yi nisa tashar wasanni ta ESPN ke fito da jerin ƙungiyoyi 25 na ƙwallon Amurka ta kwalejoji, wanda kwamitin College Football Playoff (gasar fitar da zakaran kwalejoji a ƙarshen kakar wasa) ke tsarawa. Gaskiya sun iya jan rai, daga ƙasa suke farowa suna hawa a hankali, kafin a kai na ɗaya cikinka ya ɗuri ruwa. Matsalar in shugaban kwamitin ya zo bayani, yau ka ji ƙarfin abokan karawa ne ma'auni, wani satin kuma yadda ƙungiya ta burge su a fili, to wanne za mu kama wai? Ka duba 2023, Florida State sun ci wasa 13 ba a doke su ko sau ɗaya ba amma aka ajiye su gefe wajen zaɓen ƙungiyoyi 4 da za su shiga gasar, aka ɗauki Alabama da ta sha kashi sau ɗaya, wai don kwatabak ɗinsu (mai jagorantar kai hari) Jordan Travis ya karye a ƙafa. Haba jama'a! Tun 2024 an koma ƙungiyoyi 12 maimakon 4, rigimar dai ba ta mutu ba, ta gangara ƙasan jeri ne kawai. Tauraro 3 na ba shirin cikin 5.