Wata uku da GoAccess: yadda log ɗin saba ya tona min asirin burauza (da nawa asirin)

Maganar gaskiya ni da ban ɗauki log ɗin saba (rajistar da kwamfutar da ke riƙe da shafi take rubuta duk wanda ya leƙo) a bakin komai ba, na san dai akwai wani fayil can a /var/log/nginx/access.log da yake ta kumbura shi kaɗai, ban taɓa buɗe shi da niyyar karantawa ba. Shafin yayata ne ya sa dole na waiwaye shi. Atamfa da leshi da shadda take sayarwa, a Kantin Kwari take sari, ni na haɗa mata ɗan shafi mai fom na oda don ta huta da masu cika mata waya da "nawa wannan, nawa wancan". Wata Juma'a da yamma sai ga kiranta, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Auta, wai abin nan naka lafiyarsa ƙalau kuwa? Mace ɗaya oda uku ta shigo min, na ware mata turmi uku, da na kira ta ta ce ita ɗaya take so. Wata kuma ta rantse min ta danna har yatsanta ya gaji, ni kuma ban ga komai ba." Na ce Yaya bari in duba. Na gwada a wayata lafiya lau, na gwada a laftof lafiya lau, sai na ce mata ai netwok ne kawai. Ta ce to netwok ɗin ne zai biya ta kuɗin kayan?

Akwai Google Analytics a shafin amma bai taimaka min a nan ba, kuma ba laifinsa ba ne, shi sai JavaScript ɗinsa, wato kod ɗin da ke gudana cikin burauza, ya yi aiki a wayar mutum sannan yake ƙirga shi, ni kuma waɗanda nake nema su ne ainihin waɗanda abu bai yi aiki a wayarsu ba. Log ba ruwansa da wannan, duk abin da burauza ta roƙa a wajen saba sai ya rubuta layi ɗaya: adireshin IP, lokaci, abin da aka nema, lambar amsa, yawan bayit, daga ina aka zo, da sunan da burauzar ta kira kanta da shi. Matsalar kawai layukan sun yi yawa, ido ba zai iya ba.

Nan na nemo GoAccess, ɗan shiri ne mai karanta log ya taƙaita maka shi, kyauta ne, lasisin MIT gare shi, wani Gerardo Orellana ne ya rubuta shi da yaren C, tun 2010 yake nan. A Ubuntu apt install goaccess kawai na buga, sannan na nuna masa fayil ɗin na ce masa --log-format=COMBINED, wallahi kafin in ajiye kofin shayi ya gama. A cikin baƙin allon nan na tamina yake zana komai, akwati akwati: baƙi na kowace rana, shafukan da aka fi nema, waɗanda aka nema babu su, burauzoci, nau'in waya ko kwamfuta, lambobin amsa. Sabar tawa 'yar ƙarama ce mai araha amma ko gezau ba ta yi ba. In kana son mai kwalliya yana fitar da fayil ɗin HTML guda ɗaya mai zane-zane, shi na tura wa Yaya, ta ce kalolin sun yi kyau amma ita ba ta gane komai ba.

Akwatin lambobin amsa ne ya fara tsayar da ni. Ga 200 ga 304 ga 404 duk na san su, sai ga wata 499 tsugune a ƙasa. Ita wannan ba ta cikin lambobin HTTP na asali, ta Nginx ce shi kaɗai, wato shirin da ke amsa wa burauza a sabata, ma'anarta burauza ta katse ta tafi kafin saba ta ba ta amsa. A nan na gane iyakar GoAccess ta farko, ya nuna min akwai 499 amma bai jera min abin da ya faru kafin ta da bayanta ba, sai da na koma kan fayil ɗin da grep, umarnin lalubo kalma a cikin fayil, na tsamo layukan IP ɗaya. Ga abin da na gani a jere, waya ɗaya, sakan kaɗan tsakani:

"POST /oda HTTP/1.1" 499 0
"POST /oda HTTP/1.1" 499 0
"POST /oda HTTP/1.1" 200

Turmi ukun Yaya ke nan, ƙiri-ƙiri. Baiwar Allah ta danna maɓalli, shafi ya tsaya yana juyi, ta sake dannawa, burauza ta yar da roƙon farko ta tura sabo, alhali na farkon ya riga ya isa kuma PHP ɗina, kod ɗin da ke aiki a saba, ya riga ya adana odar. Me ya sa shafin yake jinkiri? Ni ne na rubuta kod ɗin ya adana oda, ya tsaya ya tura imel ga Yaya, sai imel ya fita sannan ya amsa wa kwastoma. A wayfai ɗin da nake gwaji ban taɓa jin nauyin ba. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Na mayar da imel ɗin baya, na sa wa kowane fom lamba ta musamman da ba ta karɓuwa sau biyu, na kuma sa amsar ta zama 303 ta tura mutum shafin godiya, don ko ya sake loda shafin kar burauza ta maimaita odar.

Ta biyun, mai dannawa ba a gani, ta fi ba ni wahala kuma ta fi daɗin labari. Na haɗa wa GoAccess fayil ɗin GeoLite2 na MaxMind don ya nuna ƙasashe, sai na ga baƙi daga ƙasashen waje, har na fara murna zan ce wa Yaya atamfarta ta tsallaka teku. Da na duba sunan burauzar sai na ga duk Opera Mini ce. Ashe ita Opera Mini, in tana yanayin matse data sosai, ba wayar ce take zuwa shafinka ba, sabobin kamfanin Opera ne suke ɗauko shafin su sarrafa shi su matse sannan su miƙa wa wayar, don haka IP ɗinsu kake gani, matar kuwa wataƙila tana nan Hotoro. Shi ya sa mutanenmu suke son ta, data ba ta ƙarewa da wuri. Amma JavaScript a wannan yanayin can wajensu yake gudana, na ɗan lokaci, ba kamar a Chrome ba. Ni kuma na kulle maɓallin oda sai an zaɓi kala wani ɗan kod ya buɗe shi. Log ya nuna min su sarai, suna GET ɗin shafin oda, wato buɗe shi, hotuna suna sauka, POST na tura oda ko ɗaya babu. Na sauke Opera Mini na kunna matse data na gwada, maɓalli ya ƙi motsi. Na cire duk wannan iyayin na mayar da shi fom na gargajiya, kashegari na ga POST na farko daga Opera Mini da ya wuce lafiya, na yi ihu sai da maƙwabcina ya leƙo.

Sunan da burauza take ba kanta kuwa, kar ka rantse a kansa. Kusan dukkansu da Mozilla/5.0 suke farawa, har Chrome da Safari da Edge, gadon tsohuwar gasar zamanin Netscape. Opera Mini ita Opera/9.80 take cewa, wannan lambar an daskarar da ita tun 2009 lokacin Opera 10, saboda wasu shafuka harafin farko kawai suke karantawa sai su ɗauka siga ta 1 ce su kori mutum. Irin wannan fargabar aka sake yi a 2022 da Chrome da Firefox suka kai 100. Na kuma yi mamakin yadda kusan duk kwastomomin Yaya Android 10 suke riƙe da ita, ashe tun 2023 Chrome ya daina faɗin sigar Android da samfurin waya, kowa "Android 10; K" yake rubuta masa ko Tecno ce ko Samsung. Windows 11 tana zuwa a matsayin NT 10.0, iPad kuma tun 2019 Macintosh yake kiran kansa. GoAccess abin da aka gaya masa yake ƙirgawa, don haka akwatin nau'in waya kalle shi da rabin ido.

Akwatin 404, na abin da aka nema babu shi, abin dariya ne. favicon.ico, ɗan tambarin shafi da ban taɓa sawa ba, burauzoci suna ta nemansa, al'adar da Internet Explorer 5 ya kawo tun 1999. Masu iPhone kuma apple-touch-icon.png. Sauran duk bot ne masu laluben wp-login.php da .env dare da rana, a shafin da ko WordPress ba ya amfani da shi. Haka duk sanda Yaya ta manna link a hira sai in ga layi mai sunan WhatsApp ya zo ɗaukar hoton gaba, Facebook ma yana turo facebookexternalhit. Sannan fbclid ɗin da Facebook yake liƙa wa link ya sa shafi ɗaya ya rarrabu gida ɗari a lissafi, sai da na sa wa GoAccess -q ya yanke wutsiyar.

Inda na sha wuya shi ne da na ƙara abubuwa a log ɗin, wato $request_time da X-Forwarded-For don in ga tsawon jira da ainihin IP na masu Opera Mini. Da ka taɓa tsarin, COMBINED, wato tsarin log na gama-gari, ba ya karanta sababbin abubuwan, sai ka zauna ka rubuta naka da %h da %r da %T da %^, alamar zance ɗaya ta kauce ya ƙi karanta fayil ɗin gaba ɗaya. Dare guda na kashe a kai. Lissafin baƙi ma a yi hattara, shi IP ɗaya da rana ɗaya da sunan burauza ɗaya mutum ɗaya ne a wajensa, mu kuma a nan layukan waya suna cusa jama'a da yawa a bayan IP guda, ga kuma "Android 10; K" ya sa sunayen sun zama iri ɗaya. Kuskuren JavaScript da ya faru cikin wayar mutum ba zai gani ba, sai dai ka lura da roƙon da ya kamata ya zo bai zo ba. Kuma logrotate na Ubuntu, mai share tsofaffin log, kwana 14 yake ajiye log ɗin Nginx, na so in duba watan da ya wuce na tarar babu, yanzu na ƙara kwanakin. In ka fitar da rahoton HTML kar ka bar shi a buɗe a shafinka, IP ɗin mutane ne a ciki, akwai --anonymize-ip ka sa.

Ni dai huɗu cikin biyar na ba shi, ɗayan na riƙe saboda daren nan na %^. Mai shafi ɗaya ko biyu a saba tasa, wanda ba ya tsoron tamina, zai ji daɗinsa. Mai son ya ga tafiyar mutum ɗaya daga shiga har fita sai ya haɗa da grep, babu makawa. Yanzu abin da nake bi shi ne ɗan bidiyon leshi da Yaya ta sa na ɗora, Safari yana fara neman bayit biyun farko kawai, bytes=0-1, yana jiran amsar 206 mai nufin ga gutsuren da ka nema, ni kuma ta PHP nake turo fayil ɗin yana ba shi 200. Jiya ta kira ta ce wata Hajiya mai iPhone ta ce bidiyon baƙi yake nuna mata, na ce Yaya na riga na gani, ki ba ni zuwa Asabar.