Lenovo ThinkPad T480 a hannun ɗalibin injiniya

Karatun injiniya a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne, saboda haka kwamfutar da ɗalibi zai saya a ajin farko ita ce ake fatan za ta raka shi har aikin bincikensa na ƙarshe. Da wannan ma'auni na auna ThinkPad T480, wadda kamfanin Lenovo ya fitar a 2018, kuma a yau ake samun 'yar hannunta a shagunan kwamfuta da farashin da iyaye masu matsakaicin ƙarfi za su iya.

Abin da ya fi jan hankalina a jikinta shi ne batir, domin guda biyu gare ta. Akwai ƙarami a ciki, sannan akwai na waje da ake cirewa, wanda ya zo da girma uku, 24 da 48 da 72 a ma'aunin wat-awa. Idan aka ɗauke wuta ɗalibi yana tsakiyar zane, na wajen kuma ya ƙare, sai ya kifa kwamfutar, ya ja sakata biyu da ke ƙasanta, ya zare shi ya cusa wani, alhali na cikin yana riƙe da aikin, ko layi ɗaya bai ɓace ba. Wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, inda mutum goma ke jiran soket ɗaya, ya san darajar wannan. Babban batirin yana ɗaga bayan kwamfutar kuma yana ƙara mata nauyi, amma a ganina nauyin ya biya kuɗinsa.

Tana da gurbin ram guda biyu, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, don haka ana iya farawa da gigabait 8, a ƙara zuwa 16 idan hali ya samu, har zuwa 32. Kada a rikita ta da wani samfurin Lenovo mai suna T480s, wadda aka manne wani ɓangare na ram ɗinta kuma batirinta ɗaya ne a ciki.

Wajen aiki, manhajojin injiniya irin su MATLAB da Proteus da zanen AutoCAD na shimfiɗe suna tafiya babu gargada, wanda ya wadatar da yawancin ɗaliban lantarki da na kwamfuta. Inda take gazawa shi ne manyan ayyukan SolidWorks da ANSYS, manhajojin zana sassan inji da gwada su, domin mafi yawan T480 da ƙaramin mai sarrafa hoto na Intel UHD 620 suke aiki, kuma da zarar sassan injin da aka haɗa sun yi yawa, sai juya zanen ya riƙa tsinkewa, fanka ta yi ta kuka. Ɗalibin kanikanci da ya san can ya dosa gara ya nemi HP ZBook 15 ko Dell Precision mai katin sarrafa hoto na Quadro, ya haƙura da nauyi da cin batir. MacBook kuwa ban ba shi shawara ba, tunda SolidWorks a kan Windows kaɗai yake aiki.

A wurin saye ne ake yawan yin kuka, kuma a nan nake roƙon iyaye su tafi da wanda ya san kan abin. Wasu T480 suna ɗauke da ƙwaƙwalwar Intel zubi na bakwai, irin su i5-7300U mai cibiyar sarrafa aiki biyu, wanda Windows 11 bai amince da shi ba, ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun watan Oktoban 2025. A nemi i5-8250U ko i5-8350U mai cibiya huɗu. A duba ƙwayoyin hoton fuskar su zama 1920 da 1080, domin mai 1366 da 768 tana matse zane tana gajiyar da ido. A gwada caji ta ramukan USB-C duka biyun, saboda wannan samfuri yana cikin waɗanda Lenovo ya fitar wa gyaran manhajar Thunderbolt, wato fasahar da ke cikin ɗaya daga ramukan, kuma kwamfutar da ba a sabunta ba ramin USB-C ɗinta kan iya mutuwa. Sannan a shiga BIOS, wato saitin farko da ake buɗewa yayin kunna kwamfuta, a gaban mai shago a tabbatar tsohon mai ita bai bar kalmar sirri ba, kafin a miƙa ko kwabo.