Guba ko tarko? Amsa ga mai son ƙara kaji alhali ɓeraye sun addabi akurkinta

Hajiya, kin ce kajinki 9 ne a bayan ɗaki, kina son su kai 30, amma ɓeraye sun shiga akurkin. Suna shan ƙwai, dusa na ƙarewa da wuri, shekaranjiya kuma kin tarar da ɗan tsako an cinye masa kai. Kina tambaya guba za ki sa ko tarko, sannan ki bar kaji su yi kwanci ne ko ki sayo 'yan tsaki. Allah ya mayar miki da alheri. Na san zafin wannan, don ni ma na taɓa buɗe akurki da asuba na kwashi gawar tsaki 4 a bayan tukunyar ruwa.

Gubar ɓera da ake samu a kasuwa iri biyu ce. Akwai baƙar hodar nan mai kisa cikin 'yan sa'o'i, wadda masana ke kira zinc phosphide. Idan ta haɗu da ruwan ciki sai ta saki wata iska mai kisa, kuma ba ta da makari. Kaza ba ta da juriyarta ko kaɗan. Ni da hannuna na taɓa kwaɓa ta da dusa na tura ƙarƙashin katako, ina ganin kaji ba za su kai can ba. Ɓera ya jawo ɓarɓashin waje, washegari kazar da ta fi kowacce ƙwai a gidan ta tsince shi. Har yau ina jin ciwon abin. Kuma ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan bai mutu ba, ba zai sake kusantar wannan abincin ba.

Ɗayar ita ce mai hana jini daskarewa, wadda ke zuwa a dunƙule ko ƙwaya-ƙwaya, sau da yawa shuɗiya ko ja. Wannan tana ɗaukar kwana 3 zuwa 7 kafin ta kashe. A kwanakin nan ɓeran yana yawo a galabaice, kyanwa ta kama shi ta ci, ko ya mutu a akurki kaji su tsattsage gawar. Idan kaza ta ci, gubar na iya ratsawa cikin ƙwan da yaranki za su soya. Tana da makari, bitamin K1, amma sai an gane da wuri an kai wa likita. A gidan da yara ke wasa a tsakar gida kuma kaji na kiwo a sake, ni dai ba na ba da shawarar ko ɗaya daga cikinsu.

Tarko ya fi wahala, amma abin da ya kama kina ganinsa da idonki, ba wata gawa da za ta ruɓe miki a rami. Inda mutane ke kuskure shi ne gaggawa. Ɓera yana tsoron sabon abu. Ki sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a kan tarkon, ki bar shi dare 2 ko 3 ba a ɗana ba, sai kin ga ana cinye abincin sannan ki ɗana. Ki jera su a jikin bango, don ta nan ɓera ke bi, za ki ga baƙin maiƙon jikinsa a hanyar. Kuma kada ya zama ɗaya tak, ki sa 5 ko 6 a dare guda. Ki kifa tsohon kwali ko bokiti a kai, ki huda ƙofa daidai ɓera, don kada tsako ya sa ƙafa. Allon gam kuwa ki bar shi, tsaki da ƙadangaru ya fi kamawa.

Kyanwa tana rage ƙananan ɓeraye, amma ba ta iya gafiya ba, wata ma da tsakin za ta fara.

Duk wanda kika kama, kada ki taɓa shi da hannu. Ki sa leda ki ɗauka, ki binne da zurfi ko ki ƙona, ki wanke hannu da sabulu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai yawan nono yake shiga mutane, kuma ya fi tashi da rani.

To amma Hajiya, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ɓeranya na haihuwa bayan ciki na kimanin kwana 21 zuwa 23, kusan daidai da kwana 21 da kaza ke yi a kan ƙwai, kuma tana iya zubo 'ya'ya 6 zuwa 10 a haihuwa ɗaya. Muddin dusa na kwana a kasko, abin da kika kashe wannan wata wasu za su cike gurbinsa wata mai zuwa. Babban ɓera na cin kamar giram 25 a rana, kazar ƙwai kuwa kamar giram 110, wato duk ɓeraye 5 kina ciyar da kaza guda da ba za ta ba ki ƙwai ba. Da magariba ki ɗauke abinci da ruwa, ki share tsabar da ta zube, ki kwashe ƙwai. Buhun dusa ya koma cikin durom mai murfi. Daɓen ƙasa a yi masa siminti, ko a ɗaga akurkin a kan ƙafafu. Ragar kaji mai manyan idanu ba ta hana ɓera, ki nemi mai ƙananan idanu, wadda yatsanki ba zai shige ba. Ramukan da ke gindin bango a cusa tsakuwa da fasassun kwalba a shafe da siminti. Kuɗin da za ki kashe a nan shi ne maganin gaske, tarko share saura ne.

Sai maganar ƙari. Idan kika bar kajinki na Hausa su yi kwanci, ba ki kashe ko kwabo ba, uwa ce fitila kuma ita ce mai gadi, ba ki kuma shigo da cuta daga waje ba. Ki sa wa kowace ƙwai 10 zuwa 12, kada ki wuce abin da fiffikenta zai rufe. Sai dai tafiyar a hankali take, kuma shirwa da sanyi za su ɗauki rabonsu. Idan kika sayo 'yan kwana ɗaya, irin Noiler, ko kuma Shika Brown wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika a Zariya ta samar, za ki kai 30 a rana guda, sun fi saurin girma da yawan ƙwai. Amma ba su da uwa. Makonnin farko suna buƙatar ɗumi dare da rana da abincin kamfani, kuma a ɗakin da ɓera ke shiga, tsaki marasa uwa na iya ƙarewa a dare ɗaya.

A halin da kike ciki, ni kwanci zan zaɓa da kaji 2 ko 3, bayan an gyara akurkin kuma tarkuna sun yi mako 2 ba su kama komai ba. In ma kin sayo manya daga kasuwa, ki ware su mako 2 kafin ki haɗa, ki yi wa duka rigakafin cutar kaji ta Newcastle kafin hunturu ya shigo. Ki auna ɗakin kuma: kaji 30 na son wajen murabba'in mita 8 zuwa 10, wato kamar mita 3 tsawo, mita 3 faɗi.