Eastern Market a Washington: kasuwar da Bajamushe ya zana tana ci har yau

Kasuwar Eastern Market tana kan titi na 7 a unguwar Capitol Hill, kuma tun 1873 ake cinikin kayan abinci a cikinta. Wanda ya zana ta Adolf Cluss ne, haifaffen Heilbronn a Jamus a 1825, da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1848. Ya cika Washington da gine-ginen jan bulo, ciki har da makarantar Franklin, amma yawancinsu an rushe su. Babbar kasuwarsa ta Center Market ma an kawar da ita a 1931.

Abin da ya sa kasuwar ke da daɗin shiga shi ne Cluss ya yi ta don nama da kifi a zamanin da babu firji. Ya ɗaga rufi sama sosai, ya ɗora shi kan sandunan ƙarfe da aka sarƙa daga bango zuwa bango, saboda haka babu ginshiƙin da ke tare hanya a tsakiyar zauren. Zafi da ƙarni suna tashi su fice ta mashigar iska da ke ƙololuwar rufin. Dogayen tagogi da wasu masu siffar da'ira suna zubo haske a kan teburan mahauta, ƙofofi kuma birjik a jikin bango, kaya na shiga, mutane na fita ba a cunkushe ba. A ƙarƙashin ƙasa ya tanadi ɗakunan ajiya masu sanyi. Wannan tunani ya cancanci yabo.

Gobarar 30 ga Afrilu 2007 ta cinye rufin zauren kudu, wato zauren da Cluss ya zana, amma bangon bulon ya tsaya. An sake buɗewa a Yuni 2009, da na'urar sanyaya ɗaki.

Ta fuskar ciniki, cuku, kifi, kaji da burodi suna da kyau, sai dai farashi ya fi na manyan kantuna. Mahauta suna sayar da naman alade tare da sauran nama, mai kiyayewa ya tambaya kafin ya saya. Ranar Litinin a rufe take. Asabar da Lahadi manoma da masu sana'ar hannu suna baje koli a waje, kuma kafin azahar wuri ya cika maƙil, wurin ajiye mota ya yi wuya. Gara a hau jirgin ƙarƙashin ƙasa a sauka a tashar Eastern Market, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Mai son ya ƙare wa ginin kallo ya zo da safe a tsakiyar mako.