Libarbar da na riƙe a Birmingham

Asabar ɗin da ta wuce wani abokin aikina ya ja ni kasuwar masu tara tsofaffin makamai a nan Birmingham. Na tafi ina ɗari-ɗari, don mu in aka ce bindiga sai gaba ya faɗi. Ashe dattawa ne zalla, kowa da teburinsa da gilashin duba ƙananan rubutu.

Wani tsoho ya tambaye ni garinmu, na ce Kano. Sai ya miƙo mini safar hannu, ya ɗora mini libarba ƙirar Webley, mai cin harsashi shida, samfurin da sojan Ingila ya karɓa a 1899. Ya ce irinta hafsoshinsu ke ratayawa a zamanin da Kanar Morland ya shiga Kano da sojan Turawan mulkin mallaka a Fabrairun 1903. Wallahi hannuna ya yi rawa. An toshe ta, ba ta harbi, ga takardar shaida daga gidan gwajin bindigogi na garin, wanda yake aiki tun 1813. Lambarta, hatimin maƙerinta, hannun da ta bi kafin ta zo gare shi, duk yana da su a rubuce.

Sannan ya yi mini tambayar da har yau take ci na: naku mutanen me suka riƙe a ranar, kuma wa ke ajiye da su? Na yi shiru. Bindigar tokar kakanmu na tuno, wadda ta shekara da shekaru a bayan rumbu, tsatsa na cin ta, har wani ƙanin babanmu ya ba 'yan gwangwan aka auna ta a kilo. Ko sunan maƙerin ba wanda ya riƙe. Ga mu da son ƙarar bindiga ran hawan sallah, hayaƙin albarushi ya turnuƙe ƙofar fada, ina kewarsa ƙwarai, amma mai da tsumma sun gagare mu.

Su ma suna da abin haushi. Kuɗin da ya faɗa mini ya fi hayar ɗakina ta wata. Doka kuwa kamar ƙaya: tun bayan da wani ɗan bindiga ya kashe yara 'yan makaranta a garin Dunblane na Scotland a 1996 aka hana ƙananan bindigogi, kuma tsohuwar da za ka ajiye ba lasisi sai wadda aka ƙera kafin Satumban 1939, harsashinta ma ya zama an daina yi. 

Da dare na kira Yaya. Na ce takobin nan da ke ɗakin Inna a shafe shi da mai, a naɗe, kuma a zaunar da ita ta faɗi na wane ne, a rubuta.